Ƙafar jariri ba ta jiran mai gida shi komo daga bida

(Wanga shi ne jawabin da ɗan'uwanmu Majo, wanda ya daɗe shina aikin likita kafin shi huta, ya yi gaban jama'a ran taron ƙungiya na bayan girbi. Mun rubuta shi yadda ya faɗa saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.)



Mai gari, malam liman, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da ke zaune can gindin bedi, shugaban ƙungiya, da ku ƴan'uwana ƴan bida da kunka komo gida lafiya, ina gaishe ku baki ɗaya. Allah shi sa albarka cikin abin da munka girba.

Shugaba ya ce in yi magana bisa lafiya, ya bar mini zaɓi. Na so in ɗauko zancen zazzaɓi ko na ruwan sha, sai na ga waɗanga kun ji su a rediyo har kun gaji. Nan na tuna da wani yaro.

Shekarun baya, sa'ad da nike aiki wani gidan likita na daji, wata mata ta kawo jaririnta awo. Ga zafin bazara, amma ta naɗe ƙafafunshi da zane har biyu. Da na kware sai na ga ƙafafun duka sun murɗe sun juyo ciki, tafin wannan na kallon tafin waccan. Kwananshi 12 a duniya. Na ce mata, ƙanwata, abin ga ana gyara shi, amma sai kin tafi birni cikin satin nan. Ta ce mai gidanta na Abijan, ba ta da ikon fita da ɗan mutane ba da izininshi ba. Na aika ma kakan yaron, ya ce a bari uban shi zo da damina. Damina ta zo, uban bai samu zuwa ba. Ban koma ganin yaron ba sai shina da shekara 6, shina taka ƙasa da gefen ƙafa, wurin ya yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Cikin gidan nan ba wanda ya ƙi yaron, kowa na sonshi. Jira kurum anka yi.

To, zancena na yau ke nan: abin da ake haifuwar yaro da shi ga hannu, ga ƙafa, ko ga jijiyoyin jini. Akwai wanda ba komi ba ne, a bar shi yadda Allah ya yi shi. Akwai wanda ke son gaggawa. Akwai kuma wanda in anka sa mishi aska, rai ake taɓawa.

Ku fara sanin cewa ba a zuba mu a ma'auni guda kamar tubalin siminti ba. Mahauta na nan, ku tambaye su: raguna nawa sunka feɗe sunka tarar da kayan cikin iri ɗaya sak? Haka ɗan Adam shike. Mu Hausawa mun haɗa abubuwa da yawa mun ce musu jijiya. Akwai wadda ke fitar da jini daga zuciya, ita ce ke harbawa in ka dafa wuyan hannu. Akwai wadda ke maido da jini, ita muke nema in za mu sa ƙarin ruwa. Akwai wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, akwai kuma mai ɗaure tsoka ga ƙashi, kamar agara. Duk cikinsu ana samun bambanci daga mutum zuwa mutum. In kun ga ma'aikaci na lalube ga gwiwar hannunku bai samu jijiya ba, ba kullum ne rashin iyawa ba. Ta wani a fili take, ta wani ta bi wata hanya. Kusan mutum 1 cikin 4 shina da jijiyar jini fiye da guda da ke shiga ƙodarshi, har shi tsufa bai sani ba. Ana ma samun mutum 1 cikin 10,000 wanda zuciyarshi ke dama, hanta hagun, shina noma shina aure kamar kowa.

Ku gwada wani abu yanzu. Kowa shi haɗa babban yatsa da ƙaramin yatsa, shi ɗan lanƙwaso wuyan hannu. Kun ga wata igiya ta taso tsakiya? Ku duba na maƙwabcinku. Za a samu wanda ba shi da ita, ko shina da ita ga hannu guda kurum. Wanda bai ga tashi ba kada shi damu, ba ta rage ƙarfin riƙon hauya.

Iyayenmu ungozomomi, ga naku. Igiyar cibiya in kunka yanke, ku duba bakinta: jijiya 3 ke ciki, ƙanana 2 da babba guda. Kamar jariri 1 cikin 100 shikan zo da 2 kurum. Mafi yawansu lafiya lau suke, amma ku faɗa ma likita shi duba zuciya da ƙoda, don wani lokaci alama ce ta wani abu.

Yanzu, yaushe ne hannu da ƙafa ke halittuwa? Cikin sati na 4 bayan shigar ciki suke tsirowa kamar ƙananan tsiro, kafin cikar sati 8 har yatsu sun rabu. Da farko tafin hannun a haɗe shike kamar ƙafar agwagwa, sannan fatar da ke tsakani ta narke. Zuciya kuwa tun wajen kwana 22 take fara bugawa. Wato kafin mace ta tabbata tana da ciki, kafin ta faɗa ma uwar mijinta, an riga an ƙare babban aikin. Na tsaya nan ne saboda abin da ke faruwa cikin gidajenmu. In anka haifi yaro da wata tawaya, sai ido shi koma bisa uwar. A ce ta fita da almuru, ko ta yi ma musaki dariya, ko ta tafi tabki ita kaɗai iska ya bi ta, ko danginsu ne ke da abin. Na san wadda anka saka saboda haka, jinin biƙi bai ko ɗauke mata ba. Iyayena, abin da mace ta gani a wata na 7 ba shi ƙara ma ɗa yatsa, an gama ƙirga yatsun tun a wata na 2. Mafi yawan waɗanga abubuwa ba laifin kowa ba ne. Wanda ke zuwa ta gado kuma, ta wajen uba shike bi kamar yadda shike bi ta wajen uwa. Wani yaron ma wani zare ne na jakar da shike kwance ciki ya naɗe mishi yatsa ko ƙwauri, ya fito da zobe ga wurin ko da guntun yatsa. Wa za a tuhuma nan?

Inda hannun mutum ke shiga, shi ne magani. A 1957 anka fara saida wani magani a Jamus ta Yamma, sunanshi talidomid. Ana ba mata masu ciki shi don barci da tashin zuciya, an ce ba shi da lahani. Kafin a janye shi a 1961, an haifi yara fiye da 10,000 cikin ƙasashe da dama, waɗansu ba hannu, waɗansu tafin hannun manne ga kafaɗa. Ƙwaya kaɗan cikin waɗancan satuttukan na farko ta isa. Can ƙasa ce mai likitoci da dokoki, ina ga mu da ke sayen ƙwaya bisa faranti a kasuwa, rana ta dafa ta, mai saidawa bai san sunanta ba sai launinta? Ku ƴan bida kuna zuwa da magunguna cikin jaka daga Legas, daga Libiya, don alheri kuke kawowa, na sani. Amma macen da ke iya ɗaukar ciki kada ku miƙa mata ƙwayar da likita bai rubuta ba. Mace mai farfaɗiya ko mai ciwon sukari ta ga likita tun kafin ciki. Akwai maganin farfaɗiya da ke taɓa ɗan ciki, ana iya sake mata wani, amma kada ta daina sha da kanta. Ƴan jajayen ƙwayoyin da ake ba da su wurin awon ciki kuwa, ban da ƙarin jini akwai wani sinadari ciki, asid folik, mai tsare ƙashin bayan yaro. Shi ya fi amfani in an fara shi da wuri ƙwarai, har kafin cikin. In kunka ga jariri da ƙullutu ga tsatso, mai ruwa ciki, kada a soka shi, kada a shafa komi. A rufe da tsumma mai tsabta a tafi ran nan.

Mu zo ga cindo, wanda duk mun sani, tun da har suna muke da shi. Yatsa na 6 ya fi yawa gare mu baƙar fata, kusan ninki 10 bisa Turawa, kuma shina bin gida: in uba na da shi, kada a yi mamakin ganinshi ga ɗa. Ba ciwo ba ne, ba shi taɓa hankali. Mafi yawa ƴar tsoka ce mai reto gefen ƙaramin yatsa, tsofaffi kan ɗaure ta da zare ta bushe ta faɗi. Sau da yawa ana dacewa. Amma na sha ganin wurin ya yi ruwa, na ga wanda ya girma da ɗan ƙullutu mai zogi in an taɓa, kuma zare mai dauɗa na iya kawo tetanos, ciwon nan da ke sandarar da jariri shi kasa kama nono. Gidan likita aikin ƴan mintoci ne. In kuwa yatsan na da ƙashi ciki, ko gefen babban yatsa ya fito, zare ba shi yi sam, sai mai fiɗa. Haka yatsun da sunka zo a manne. Kada wanda ya ce bari shi raba su da reza. Jijiyoyin jinin yatsun nan tsakani suke bi, kuma in an raba sai an yi ƙarin fata. Likitoci kan yi aikin yaro na da shekara 1 zuwa 2, amma su gan shi tun da wuri su sa rana.

To, ga babban zancen, murɗaɗɗiyar ƙafa, wadda ake ce ma piye bo da Faransanci. Cikin haifuwa 1,000 akan samu kamar guda. Maza sun ninka mata, kuma rabinsu ƙafa biyu ne. Ku lissafa haifuwar da ake yi cikin kantonmu a shekara, kun ga ba abin nesa ba ne.

Kada a haɗa ta da shan inna. Shan inna, yaro lafiya anka haife shi, daga baya zazzaɓi ya zo, ƙafa ta saki ta shanye. A watan Agusta na 2020 OMS ta ce an raba Afirka da asalin ƙwayar shan inna ta daji, ko da shike ɗigon bai ƙare ba, ku ci gaba da miƙa yara. Ita wagga kuwa da ita ake haifuwa. Ƙafar da ƙarfinta, yaro na motsa ta, kuma ba ta mishi ciwo sa'ad da shike jariri, abin da ke ruɗin mutane ke nan. Ƙashi bai karye ba, bai goce ba. Jijiyoyin da ke gefen ciki da na bayan ƙafa ne sunka gajarce sunka jawo ƙananan ƙasusuwan sunka karkace. Maɗoranmu ina girmama su, na ga karayar da sunka ɗora ta kama sarai. Amma nan ba abin ɗori, in anka murɗa da ƙarfi anka ɗaure da kara, ɓarna ake ƙarawa.

Da can fiɗa babba ake yi, ƙafar ta miƙe amma ta sandare, in mutum ya girma ta riƙa mishi ciwo. Wani likita ɗan Ispaniya, Ignacio Ponseti, wanda ya yi aikinshi a jami'ar Ayowa ta Amurka, shi ya lura da cewa jijiyar jariri kamar ɗanyen reshe take, tana miƙewa in an bi ta sannu. Ya rubuta sakamakon aikinshi tun 1963, amma mutane ba su kama hanyar tashi sosai ba sai bayan littafinshi na 1996. Ya rasu a 2009 shina da shekara 95, hanyar tashi kuwa yanzu ita ake bi ko'ina, har ƙasarmu.

Ga yadda ake yi. Ma'aikaci shina lallaɓa ƙafar da hannu, shi ɗan juyo ta waje kaɗan, sannan shi naɗa mata simintin likita, wanda muke ce ma palatir, tun daga yatsu har cinya, gwiwa a lanƙwashe. Bayan sati guda a cire, a ƙara juyawa, a sa sabo. Haka haka har sau 5 ko 6, wani ya kai 8. Daga nan, ga yara 8 ko 9 cikin 10, sai an ɗan yanke agara don diddige shi sauko. Na ga dattawa sun ɗaga kai. Na san abin da ke ranku: mu dabba muke yanke ma agara don kada ta gudu. To, ta jariri daban ce. Da bakin wuƙa ƙarami ake yi bayan an kashe zafin wurin, ko ɗinki ba a cika yi ba, a sa siminti na ƙarshe sati 3, agarar ta toho ta haɗe da tsawon da ake so. Fiye da yara 9 cikin 10 ƙafarsu kan miƙe ta wagga hanya, su sa takalmi, su tafi lakwal, su buga ƙwallo, ba mai ganewa.

Sa'ad da simintin ke ƙafa, uwa ta riƙa duba yatsun safe da maraice. In sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko launinsu ya sake, ko sun shige ciki ba a ganinsu, ko wari na fitowa, ko yaro na kukan da ba a saba ji ba, a koma ran nan, kada a jira ranar da anka rubuta. Kuma kada ruwa shi taɓa shi wurin wanka.

Amma inda aikin ke lalacewa ba nan ba ne, wurin takalmi ne. In an cire siminti na ƙarshe, ana ba da takalma biyu haɗe da sandar ƙarfe mai faɗin kafaɗun yaron, masu riƙe ƙafafun suna kallon waje. Akwai wani iri mai araha da anka ƙago a Yuganda, da fata da ƙarfen gida ake yin shi. Wata 3 na farko yaro shina sanye da shi awa 23 cikin 24. Bayan nan sai lokacin barci kurum, dare da rana, har shi kai shekara 4 ko 5. Kun ji, shekara na ce. Ƙafar nan tana da halin komawa inda ta fito, takalmin ne ke tsare ta. Kakanni mata, da ku nike. Kwana biyun farko yaro zai yi kuka, sai tausai shi kama ku, ku ce ƙafa ai ta miƙe, mi ya sa ake azabtar da shi da mari kamar ɗan kaso, ku tuɓe ku rataye. Kusan duk yaron da na ga ƙafarshi ta koma, in na bi sawu sai in tarar da takalmin rataye ga dungu. Kukan na kwana biyu ne ko uku, ya saba.

Mi ya sa nike ta cewa gaggawa? Cikin satuttukan farko ƙafar laushi gare ta, siminti kaɗan ya isa. In yaro ya fara tafiya bisa gefenta, ƙasusuwan sun girma a karkace, aikin ya yi tsawo, wani lokaci sai an haɗa da fiɗa. Amma wanda ke da babban yaro gida kada shi ce lokaci ya wuce. Ana gyara na shekara 5, ana gyara na shekara 10, wahalar ce ta fi. A Yamai akwai asibitin yara na CURE da anka buɗe a 2010, aikinsu ke nan, ƙafafu da hannuwa da tsagaggen leɓe. Ku fara da majon CSI namu, shi ya san wuri mafi kusa da ake sa simintin, shi zai ba ku takarda.

Kafin in bar ƙafa, in yaba ma matanmu. Akwai wata tawaya ta gocewar ƙugu da ake haifuwar yara da ita, ta fi yawa ga mutanen da ke naɗe jariri ƙafafu a miƙe a haɗe. Goyon da kuke yi, ƙafafu a buɗe bisa baya, shi ne zaman da likitoci ke so ƙugun jariri shi yi. Ku riƙe abinku.

Saura jijiyoyin jini, nan kuma da wanzamai nike son mu fahimci juna. Ba kowace tawadar Allah ce abin damuwa ba. Shuɗi-shuɗin da ke ga ɗuwawun jariranmu launin fata ne, shina ɓacewa. Ja-jan da ke bisa fatar ido shi ma haka, na ƙeya kuwa wani lokaci ba shi ɓacewa amma ba shi lahani. Amma akwai wani da ba a cika ganinshi ran haifuwa ba, sai bayan sati 2 ko 3 a ga ɗan tabo ja ko ruwan hanta, shi riƙa tasowa shina girma da sauri har wata 5 ko fiye, mai laushi kamar nunannen tumatir. Curin ƙananan jijiyoyin jini ne. Ya fi kama ɗiya mata da bakwaini. Abin mamaki gare shi, in yaro ya kai wajen shekara sai shi fara motsewa da kanshi, kafin yaro shi isa shiga lakwal mafi yawa ya tafi. Irin wanga haƙuri ne maganinshi. Sai fa in ya fito kusa da ido, ko hanci, ko leɓe, ko haɓa da wuya, ko ya fashe ya zama gyambo, ko sun yi yawa ga jiki kamar 5 ko fiye. Na ido shina rufe gani, idon da bai ga haske ba da ƙuruciya kuwa ba shi koyon gani daga baya. Na haɓa wani lokaci shina da ɗan'uwa cikin maƙogwaro mai toshe numfashi. Waɗanga akwai maganinsu na sha. A 2008 likitocin Bordo ta Faransa sunka ba da labarin wani jariri da sunka ba maganin zuciya, furofaranolol, sai sunka ga curin da ke fuskarshi ya soma motsewa. Tun daga nan shi ake ba da shi. Na faɗi sunan ne ba don ku saya ba. Da nauyin yaro ake auna shi, in ya yi yawa shina saukar da sukari da bugun zuciya.

Akwai kuma shimfiɗaɗɗen tabo mai duhun ja da ake haifuwa da shi, kamar yara 3 cikin 1,000. Shi ba shi tafiya, da yaron shike girma. In ga goshi da fatar ido ta bisa shike, a kai a auna idon, don ruwan cikin ido kan yi yawa shi matse shi har gani shi tafi, kuma wasu yaran kan yi farfaɗiya. In ga ƙafa shike, ku lura ko ƙafar ta fi ƴar'uwarta kauri ko tsawo, da jijiyoyi sun taso kamar igiya. Likitoci biyu na Faransa, Klippel da Trénaunay, sun bayyana wanga tun 1900. Ba tundurmi ba ne, ba sammu ba ne. Ana taimakonshi da safa mai matsewa da ƙarin tsawon takalmi ga gajeruwar ƙafar, don kada baya shi karkace.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kumburin da ake ɗauka maruru ne. Wani mai laushi ne, in ka danna shi motse, in yaro na kuka ko ya saukar da hannu shi cika. Wani ga wuya ko hammata shike, ruwa ne ciki. Wani kuma da ɗumi, in ka aza hannu ka ji shina harbawa, shina ƙugi kamar mage na barci. Wanga na ƙarshe, jijiyar da ke fitar da jini ce ta haɗe kai tsaye da mai maidowa. Wani dare an taɓa kawo mini yarinya bisa amalanke, an yi mata sakiya ga irin wanga kumburi a cinya. Zane uku sunka jiƙe kafin su iso. Na danne wurin da hannuna tun daga garin har babban asibiti, ban ɗaga ba. Ta rayu, da jinin kawunta biyu. Wanda ya yi sakiyar mutumin kirki ne, ya shekara 30 shina aikinshi, maruru ya zata. Sarkin aska, roƙona guda ne: duk kumburin da anka ce da shi anka haifi yaro, ko mai harbawa, ko mai cika shina motsewa, kada a yi mishi tsaga, ko ƙaho, ko sakiya. Ku ce a kai ma likita shi haska da ekografi tukuna. Waɗansu da allura ake busar da su, ba a ko yanka.

Manyan jijiyoyin da ke bakin zuciya su ma sukan zo da tawaya. Kusan jariri 1 cikin 100 shina da wani abu ga zuciya, babba ko ƙarami. Ba a gani da ido, amma uwa na iya lura: yaro na haki da zufa wurin shan nono, shina saki shina kamawa, ba shi ƙara nauyi, ko harshe da leɓe su yi shuɗi in shina kuka. Shi ma a kai shi.

Yanzu ga abin da nike roƙo. Ku ƴan bida, watan gobe da yawanku za ku koma Abijan, Kwatano, Lome, Agadas, waɗansu kun bar mata da ciki. Kafin ka ɗauki jaka, ka zauna da mahaifinka ko wanka, gaban matarka, ka ce: in an haifu anka ga wani abu, a tafi likita, ba sai an jira ni ba. Ka faɗa da bakinka, don ita ba za ta iya tambaya ba. Da can wasiƙa kan yi wata biyu bisa hanya. Yau hoton ƙafar yaro na isa Abijan cikin waya kafin a gama wanke shi. In ka gani, kuɗin mota za ka fara aikowa, ragon suna shi biyo baya.

Iyayenmu dattawa, ku ne ke riƙe da izini in ɗiyanku ba su nan. Ungozomomi, ran haifuwa ku buɗe yaro duka cikin haske: ku ƙirga yatsu, ku duba tafin ƙafa, ku juya baya, ku duba cibiya. In kun ga abu kada ku rufe da zane ku ce sai bayan suna, ko sai an yi arba'in. Ba abin kunya ba ne.

Ga ƙungiya kuma, shugaba. Tun 2006 gwamnati ta yi dokar yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma ba wanda ya yafe kuɗin mota. Gyaran ƙafa guda tafiya 6 ce ko 7 a jere, sati bisa sati, ban da komawa sake takalmi in yaro ya girma. Nan ne talaka ke gajiya, ya yi zuwa 3 ya tsaya, aikin duka ya tashi banza. Muna da asusun gaisuwar mutuwa da na gyaran rijiya. Ina neman a ware wani abu don motar uwa da jariri, kuma cikin ƴan'uwanmu mazauna Maraɗi da Yamai a samu gida biyu da za su riƙa saukar da su. Ni kuma kowace ran kasuwa ina gida daga hantsi har azahar. Wanda ke da yaro mai irin abin da na faɗa, ƙarami ko babba, shi kawo shi in gani, in rubuta mishi takarda.

Na ga sarkin aska ya ɗaga hannu tun ɗazu. Bismilla, baba, muna saurare.